Babi na 6: Kula da Dasashi da Cike Giɓin Haƙori

Darasi na ɗaya: Inda haƙori ya haɗu da dasashi

Dasashi shi ne naman da ya kewaye gindin haƙora. Ku wanke hannu, ku sa yatsa ku taɓa shi. Babban mutum yana da haƙora 32 idan duk sun fito, kuma dasashi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙe da su.

Kullum wata farar dauɗa mai yauƙi tana taruwa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ku ɗan kankara da farce da safe, za ku gan ta. Ita ce ke sa dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa fitar da jini. In ta daɗe sai ta daskare kamar dutse, buroshi ba ya iya cire ta.

Ku sami buroshi mai laushi. Ku matsa makilin mai sinadarin fuloraid, kamar girman ƙwayar wake. To, ga inda aka fi yin kuskure, ku natsu. Kada ku ɗora buroshi a tsakiyar haƙori kuna ja kamar zarto. Ku karkata bakinsa ya kalli dasashi: a haƙoran sama ya kalli sama, a na ƙasa ya kalli ƙasa. Rabin gashin a kan haƙori, rabi a kan dasashi. Sai ku riƙa juya shi a hankali, ƙananan zagaye, haƙora biyu ko uku a lokaci guda. Ku ƙirga goma, ku matsa gaba.

Ku sake karantawa: bakin buroshi ya kalli dasashi. Ku tsaya gaban madubi ku gwada. In hannu ya ƙi da farko, ba komai, kowa haka ya fara. Bayan kun gama waje, ku koma ciki, ta wajen harshe, nan ma bakin buroshi ya kalli dasashi. Sannan saman turame, inda ake tauna. Minti 2, da safe da kuma kafin barci. Ku tofar, amma kada ku kuskure baki da ruwa nan take, don maganin ya zauna. Mai asuwaki ma haka zai yi, ya kai shi har bakin dasashi. Buroshi kuwa a canja shi duk wata 3.

In kun ga jini, kada ku daina. Jinin yana nuna wurin na bukatar gogewa ne. Ku ci gaba a hankali, yakan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. In bai ragu ba, ku je asibiti, musamman masu ciwon suga da mata masu ciki.

An sha faɗa, amma har yanzu wasu na dirzar haƙora da gawayi da toka, suna sakace da allura. Wasu har ruwan batir suke ɗigawa a kogon haƙori. Haba jama'a! Wannan ƙona baki ne. Ku daina.

Darasi na biyu: A wurin likitan haƙori

Wankin haƙori shi ne kankare dauɗar da ta daskare. Ba ya sa haƙori girgiɗi. Dauɗar ce ta riga ta ci gindinsa. Ƙaramin kogo ana share shi a yi masa ciko, shi ya sa ake so ku je da wuri.

In an cire haƙori, ku cije audugar da aka sa muku na minti 30. Ranar kada ku kuskure baki, kada ku sha taba, kada ku sa harshe ko yatsa a ramin. Gudan jinin da ke ciki shi ne murfin ciwon, in ya fita zafi mai tsanani ke biyo baya. Washegari ku fara kuskurewa a hankali da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi.

Darasi na uku: Cike giɓi

In aka bar giɓi, haƙoran gefe sukan karkato cikinsa. Ana cike shi da haƙorin roba mai cirewa, ko gada, wato haƙorin da ake liƙawa a haƙoran gefe, ko dashe, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙashi a ɗora haƙori a kansa, wanda ya fi tsada. Haƙorin roba a cire shi da dare, a wanke, a ajiye cikin ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba.