Darasi na Bakwai: Kafin Ka Biya Kuɗin Haya, Tambayi Inda Shara Take Zuwa

Mai neman gidan haya yakan tambayi abu uku: nawa ne kuɗin, akwai ruwa, ana samun wuta? Da ya ji amsa mai daɗi sai ya sa hannu a aljihu. Da wuya ka ji wanda ya ce wa dillali, "Ina ake kai shara?" Alhali kuwa kullum ta Allah gida sai ya fitar da shara: toka, ɓawon doya, ragowar tuwo, leda, tsumma, kashin awaki. In ba ta da wurin zuwa, tare da ita za ku zauna.

Ku karanta wannan labari a hankali. Ni abin ya faru da shi.

Shekarun baya na kama ɗaki biyu a wata unguwa da ke bayan birnin Kano. Lokacin hunturu ne, ƙasa a bushe, lungu tsaf. A bayan gidan akwai wani tsohon kududdufi da mutane ke zuba shara a ciki. Na nuna wa dillali, ya ce, "Malam, ai wannan sauƙi Allah Ya kawo maka. Taku goma ka zubar, ba ka biyan kowa ko sisi." Na yarda, na biya kuɗin shekara. Da damina ta kankama, a watan Agusta, kududdufin ya cika ya batse. Ledoji sun toshe kwatar lungunmu, ruwa ya rasa hanya ya dawo tsakar gida, baƙi ƙirin, yana ɗauke da ledar fiya wata da tsofaffin takalma. Katifarmu ta jiƙe, rabin buhun gero ya lalace. Kafin kaka, ƙaramin ɗana ya kwanta zazzaɓi sau uku. Abin da na kashe a magani ya fi rangwamen da na yi murnar samu a kuɗin haya.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce mini, "Ɗana, ba a duba gida da rani. In kuma dole ta sa, to dubi gindin katanga, ruwa yakan bar shaidarsa." Na je na duba, ga zanen ruwan bara nan har gwiwa, tun ranar da na fara zuwa yana nan, ban lura ba.

Kowane gari da nasa tsari

Abin da ka saba da shi a garinku ba lalle ka same shi a wani gari ba. Har cikin gari ɗaya ma, unguwa da unguwa sukan sha bamban.

A Kano, hukumar kwashe shara ta jiha, wadda ake kira REMASAB, ita ke da alhakin kwashe bola. Amma motarta ba ta shiga kowane lungu, don lungunan cikin birni da yawa ko Keke Napep da ƙyar yake ratsa su. Saboda haka yawancin gidaje su ke fitar da shararsu zuwa bolar unguwa ko bakin titi, ko su ba almajiri ko mai baro ya kai, a biya shi. Daga nan sai a jira ranar da mota za ta zo. A unguwanni irin su Nasarawa GRA kuwa, gidaje da yawa kamfani suke biya duk wata, a zo har ƙofa a ɗauka. Akwai kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana zirga-zirga da safe daga ƙarfe 7 zuwa 10 domin kowa ya share ƙofar gidansa ya yashe kwata. Wannan al'ada ta samo asali tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon, a tsakiyar shekarun 1980. Mai sana'ar da ke sammako, kamar mai shayi ko mai ƙosai, ya kamata ya san da wannan rana.

Abuja daban take. A tsakiyar birni, wato wurare kamar Garki, Wuse da Maitama, hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB, ce ke kula da shara. 'Yan kwangila ke zuwa da mota su ɗauka a mazubin da ke ƙofar gida, a kai babban juji na Gosa. Ba kyauta ba ne. Takardar biya ake kawo wa gida, wanda ya ƙi biya kuma ana iya gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka. Don haka in za ka kama gida a can, tambayi mai gida ko akwai tsohon bashin shara a kan gidan, kada ka gaji abin da ba kai ka ci ba. To amma talaka ba a Maitama yake zama ba. Yana Nyanya, ko Karu, ko can Mararaba, wadda ma ta jihar Nasarawa ce. A irin waɗannan wurare mai kura shi ne abin dogaro, kuma ba kullum kake sanin inda yake juye abin da ya ɗauka ba. Sau da yawa cikin rafin da ke bayan gidanka ne.

Masu zuwa cirani Legas su ma su buɗe kunne. Can hukumar kwashe shara ta jihar, wato LAWMA, ta raba unguwanni ga kamfanoni masu zaman kansu, ana ce musu PSP. Kowane gida da kamfaninsa da kuɗinsa na wata. Gwamnatin jihar ta haramta ba masu kura shara, ko da yake har yanzu ana ganinsu. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin na Agege ko Idi-Araba, 'yan haya ke karo-karo su biya, kuma nan ne rigima takan tashi: wane gwauro ne, wane yana da iyali takwas, amma an ce kowa ya ba da daidai. A daidaita wannan magana tun kafin a shigo da kaya.

'Yan uwanmu na zangon Ghana, a Nima ta Ankara ko a Kumasi, sun san wani tsari kuma. Akan ajiye babban mazubi a unguwa da mai gadinsa, duk wanda ya kawo shara ya biya nan take kafin ya zuba. Akwai kuma masu babur mai ƙafa uku da ke zagayawa suna karɓa. Can ma "bola" suke cewa.

A ƙauye da ƙananan garuruwa fa? Nan babu mota, babu takardar biya, kuma da can babu damuwa. Juji dukiya ne. Toka da kashin dabbobi da shararriyar tsakar gida su taru su ruɓe, da bazara a ɗora wa jaki mangala a kai gona. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigowa birni neman takin bola, har saye suke yi. Abin da ya ɓata wannan kyakkyawan tsari shi ne leda. Leda ba ta ruɓewa. Ka kai ta gona ta hana shuka sakin saiwa, akuya ta ci ta kumbure mata ciki, tana ramewa ba a san dalili ba sai ranar da mahauci ya farke tumbi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin akuyar nan sau da yawa ita ce duk jarin matar gida. Wanda zai zauna a ƙauye ya ware leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir daban, kada su shiga juji.

Abin da za ka duba da idonka

Kada ka tsaya ga maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Je ka unguwar kai kaɗai, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da ake fitar da shara. Bi yaron da ka ga ya ɗauko kwando, ka ga inda zai juye. In bolar tana da nisa ƙwarai, ka sani da dare cikin kwata za a riƙa zubawa. In kuma tana jikin katangarka, ƙuda da wari da hayaƙi naka ne, domin bolar da ba a kwashewa wuta ake cinna mata, hayaƙin leda kuwa yana tayar da asma, yana wahalar da jarirai da tsofaffi.

Leƙa lambatu. Ruwa yana gudu, ko ya kwanta ya yi kore? Ruwan da ya kwanta nan sauro ke ƙyanƙyasa. Dubi rijiyar gidan, ka ga tazararta da juji da masai, saboda ƙazantar da ke tsiyaya cikin ruwan sha ita ke kawo amai da gudawa da taifot. Dubi gindin bango ko akwai ramukan ɓera. Bola gidan ɓera ce, kuma wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa a kan abinci.

Sannan ka gaisa da maƙwabta. Matan gida da mai shagon lungu sun fi kowa sanin gaskiya. Ka ce, "Baba, yaushe rabon mota da zuwa nan?" In ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ka sami amsarka. Tambayi mai unguwa ko akwai ƙungiyar matasa masu aikin gayya, da kuma ko duba-gari suna shigowa.

Mai sayen fili ya ƙara da tambaya ɗaya: da can mene ne a wurin nan? Kududdufai da yawa a cikin Kano da shara aka cike su, aka yanka aka sayar. Ƙasar da ke kan tsohuwar bola ba ta gama zama ba, ginin da aka ɗora mata yakan tsage, kuma ruwan sama bai manta hanyarsa ba.

Kada a manta da 'yan gwangwan da masu jari bola. Ƙarfe, gorar ruwa, tsohuwar roba da dalma duk suna saye. Gidan da ke ware waɗannan shararsa takan ragu, ya kuma sami na cefane.

Mu yi lissafi

Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu.

Gida na farko hayarsa N150,000 a shekara. Mota tana zuwa ƙofa, ana biyan N1,500 duk wata. Wata 12 ke nan, N18,000. Jimla N168,000.

Gida na biyu hayarsa N140,000. Babu mota, sai mai baro, N200 duk ɗauka, sau 3 a mako. A mako N600. Shekara tana da mako 52. Nawa ke nan a shekara? Haɗa da kuɗin haya. Wane gida ne ya fi araha, kuma da nawa?

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka, ka kula da haruffa masu lanƙwasa: ƙuda, ɓera, kududdufi, kuɗi, hayaƙi, maƙwabci.

Daga nan ka bi sharar gidanku gobe da safe, tun daga kwando har inda ta tsaya. Rubuta jimla biyar: wa ya ɗauka, nawa aka biya shi, ina ya kai, wa ke kwashewa daga can, yaushe aka kwashe na ƙarshe. Wadda ba ta fita, ta tura yaro ya gano mata, ita kuma ta rubuta da hannunta. Ku zo da shi aji ranar darasi na gaba, za mu karanta na kowa mu gwada unguwa da unguwa.