Sababbin zuwa Sebu: ku san Osmeña, ku kuma kame daga siyasar gari

Duk wanda ya sauka a filin jirgin Mactan ya haye gada zuwa birnin Sebu na ƙasar Filifin, ba zai kwana biyu ba sai sunan Osmeña, tsohon shugaban ƙasar, ya cika masa kunne. Babban titin da ya ratsa tsakiyar gari sunansa aka sa masa, shataletalen da kowa ke kwatance da shi Fuente Osmeña ne, in kuma mai kanti ya miƙo muku canjin jar takardar peso 50, fuskarsa ce a jiki. Sababbin takardun leda da aka fito da su a ƙarshen 2024 hoton kyanwar daji suke ɗauke da shi, amma tsofaffin na nan suna yawo. "Osmenya" ake furtawa, kada direban tasi ya yi muku dariya.

Yawancinmu karatu ne ya kawo mu Filifin, likitanci ko aikin jinya, don haka wani zai ce ina ruwansa da ɗan siyasar da ya rasu tun 1961. Da ruwanku kuwa, domin gidan nan har gobe bai bar mulki ba, kuma wanda bai san haka ba yana iya sakin baki a inda bai dace ba.

An haifi Sergio Osmeña a Sebu ranar 9 ga Satumba 1878, lokacin ƙasar na hannun Sifaniyawa. Ya fara da aikin jarida, ya zama lauya, a 1906 aka zaɓe shi gwamnan lardin Sebu, a ƙarƙashin mulkin Amurka. Shekara guda bayan haka aka buɗe majalisar dokoki ta farko da 'yan ƙasa suka zaɓa, shi ya zama kakakinta yana ɗan shekara 29, bai kuma sauka ba sai 1922. Daga nan ya koma majalisar dattawa. A 1931 shi da Manuel Roxas suka jagoranci tawaga zuwa Washington neman 'yancin kai, suka yi ta zarya har majalisar Amurka ta zartar da doka a 1933. Da suka dawo da ita gida, abokin tafiyarsa kuma abokin hamayyarsa Manuel Quezon ya sa majalisa ta yi watsi da ita, ya tafi da kansa ya dawo da wata a 1934 wadda ba ta bambanta da ta farko sosai ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Osmeña bai fasa tafiya ba: ya yarda ya zama mataimakin Quezon lokacin da Quezon ya zama shugaban ƙasa a 1935. Da Japan ta mamaye ƙasar suka yi gudun hijira tare, Quezon ya rasu a Amurka a Agusta 1944, shugabanci ya faɗo wa Osmeña. Yana cikin waɗanda suka tako ruwa suka fito gaɓar tsibirin Leyte tare da Janar MacArthur na Amurka ranar 20 ga Oktoba 1944, lokacin da aka dawo ƙwato ƙasar daga Japan. A zaɓen 1946 Roxas ya kayar da shi, ya miƙa mulki ba tare da rigima ba, ya koma Sebu. Shekara 40 ke nan yana tsakiyar al'amura. Ranar haihuwarsa hutu ce a Sebu, ku duba kalandar makaranta.

Ɗansa, Sergio ƙarami, ya yi gwamna, ya yi magajin gari, ya yi sanata, ya kuma kara da Ferdinand Marcos a zaɓen shugaban ƙasa na 1969. Cikin jikoki akwai sanatoci biyu, akwai Lito da ya yi gwamna daga 1988 zuwa 1992, akwai Tomas da ya daɗe yana magajin gari, aka kuma zaɓe shi mataimakin magajin gari a 2025. Ba su kaɗai ba ne: akwai gidan Garcia, gidan Rama, gidan Durano a garin Danao na lardin Sebu. Tsarin mulkin 1987 ya ce a hana gadon mulki a gida ɗaya, amma ya bar wa majalisa ta fayyace yadda za a yi, majalisar kuwa cike take da 'ya'yan gidajen. Wa'adin gwamna ko magajin gari shekara 3 ne, sau uku a jere, sai mata ko ɗa ko ƙani ya riƙe kujerar kafin mai ita ya dawo.

Mutanen nan suna da abin da suke kira utang na loob, wato bashin alheri, wanda ba a gama biyansa. Mai gidan hayarku wataƙila wani ɗan siyasa ne ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarta, ko ya aiko da rumfa ranar zaman makoki. In kuka zagi wannan gida a gabanta ba za ta yi muku musu ba, murmushi za ta yi, Filifinawa ba sa son fito-na-fito. Amma za ku ga canji ranar da famfo ya lalace.

Ku kuma san wa ke mulkin ina. Fadar gwamna na ƙarshen titin Osmeña, a cikin birni, amma gwamna ba shi da iko da birnin Sebu, mazauna birnin ma ba sa zaɓensa. Haka Mandaue da Lapu-Lapu suke da nasu masu mulki. Ku dai wanda zai fi yi muku amfani shi ne kyaftin ɗin barangay, ƙaramar hukuma mafi kusa da jama'a. Kamar mai unguwa yake, sai dai zaɓensa ake yi, yana da ofis da 'yan sintiri da ake kira tanod. A can ake karɓar takardar shaidar zama, a can ake fara kai ƙarar saɓani da maƙwabci ko mai gida don sulhu kafin a je kotu. Makon farko ku je ku gaishe su, ku gabatar da kanku. Ku ce "Kap" ga kyaftin, "Manong" ko "Manang" ga wanda ya girme ku. A Sebu harshen Bisaya ake yi, "Maayong buntag" da safe ta fi gaisuwar Tagalog shiga zuciya.

Sai babban gargaɗi. Dokar ƙasar ta hana baƙo shiga harkar zaɓe ko ba da gudummawa, hukumar shige da fice kuma ta hana shi shiga zanga-zanga ko gangamin siyasa, ana iya korar mutum a kan haka. Ba barazana ce ta fatar baki ba. A 2018 an tsare Patricia Fox, wata dattijuwa 'yar Ostareliya mai aikin coci da ta shekara 27 a ƙasar, bisa zargin shiga irin waɗannan taruka, kafin shekarar ta ƙare sai da ta bar ƙasar. To ina ga ɗalibi mai bizar 9(f) da ake sabuntawa? Lokacin kamfe za a yi ta rabon riguna da huluna, kada ku karɓa ko da don wanke-wanke ne. Launi ma magana ne: a zaɓen 2022 kowane ɗan takara da launinsa, ruwan hoda na Leni Robredo ne, ja na Marcos ƙarami, ɗan Ferdinand Marcos, kore na Sara Duterte. Batun tsohon shugaban ƙasa Rodrigo Duterte, mahaifin Sara, wanda aka kama a Maris 2025 aka kai kotun duniya da ke Hague, yana da zafi a nan, domin ɗan Bisaya ne, mahaifinsa ma ɗan Danao ne. In an tambaye ku ra'ayi a jifni (motar haya ta gari) ko a aji, ku ce ku baƙi ne, kuna sauraro. Haka a Facebook, inda Filifinawa ke kwana suna tashi: abin da kuka rubuta ana iya ɗaukar hotonsa a kai inda ba ku zata ba.

Ana zaɓe ranar Litinin ta biyu ga watan Mayu duk bayan shekara 3, na gaba a 2028, har da na shugaban ƙasa. Ranar akan yi hutu, gari ya watse don mutane sun tafi ƙauyukansu, kuma tun watanni kafin nan 'yan sanda ke kafa shingayen bincike da dare. Ku riƙa yawo da katin ACR na baƙi da na makaranta. Kada kuma ku manta, duk mai wannan kati wajibi ne ya bayyana kansa ga hukumar shige da fice cikin kwana 60 na farkon kowace shekara, wanda ya makara tara ce ke jiransa.