Zama da Ƙandarewar Hanta da Gane Alamomin Sauƙi

Wanda likita ya tabbatar masa da cewa hantarsa ta ƙandare, farkon abin da ya wajaba a kansa shi ne ya daina giya da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a kasuwa, ya kuma guji magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna jawo zubar jini da lalacewar ƙoda. A rage gishiri ƙwarai, kada ya wuce giram 5 a rana, kuma a sani cewa dunƙulen Maggi da yajin tsire duk gishiri ne. Wannan shi ne inda na fi jin tausayin majinyata, domin miya takan yi salam.

A riƙa hawa sikeli kowace safiya kafin karyawa, a rubuta. Idan cikin da ya cika da ruwa yana sacewa, takalmi ya koma shiga ƙafa, farin ido yana washewa daga shawara, abinci yana shiga, to sauƙi yana samuwa, amma gwajin jini ne zai tabbatar. A je hoton hanta duk bayan wata 6, misali a Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna.

Aman jini, baƙin bahaya ko ruɗewa kuwa, a garzaya asibiti nan take.