Kurakuran da ake tafkawa wajen jinyar kunkurun akwati, ni ma na tafka wasu

Bara cikin watan Agusta karen maƙwabta ya tsallako bayan gidanmu ya samu Malam Sannu yana shan hantsi, ya ɗauke shi ya yi ta gwaigwaya kamar ya samu ƙashin miya. Malam Sannu kunkurunmu ne, yara suka raɗa masa sunan. Irin wanda a nan Amurka ake ce wa kunkurun akwati ne, saboda ƙoƙon cikinsa yana da wata gaɓa mai lanƙwasawa, da ya ji tsoro sai ya ja kai da ƙafafu ya rufe ruf, ko allura ba za ka zura ba. Sunansa na kimiyya Terrapene carolina, kuma jihar da muke zaune, Karolina ta Arewa, tun 1979 ta ɗauke shi cikin alamominta na hukuma. Bai wuce tafin hannu ba, ba irin ƙaton namu na Sahel ba ne da yaro ke hawa. Mun gaje shi ne wajen wata dattijuwa da ta tashi daga unguwar.

To jinyar nan ta koya min hankali, kuma kusan duk kuskuren da na yi ko na ga wasu sun yi tushensu ɗaya ne, muna auna kunkuru da ma'aunin akuya ko kaza, alhali shi komai nasa a hankali yake tafiya, ciwon ma a hankali yake cinsa, warkewar ma haka.

Na farko da na fara tafkawa shi ne jira. Na duba na ga ƙoƙon ya tsage ta gefe da huji biyu na haƙori, amma yana motsi yana kallona, sai na ce ai da sauƙi, na bar shi har kwana biyu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi wannan bawan Allah fuskarsa ɗaya ce ko yana cikin daɗi ko yana bakin mutuwa, ba ya kuka ba ya nishi. Kuma ƙoƙon nan da muke gani kamar kwanon da ya kifa a kansa, ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini akwai jijiya, huhunsa ma yana nan manne a ƙarƙashin saman. Bakin kare kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. Don haka cizon kare, ko taka shi da mota, ko injin yankan ciyawa ya sare shi, ranar za a tafi asibiti. Kuma ka kira ka tambaya tukuna ko suna duba dabbobi masu rarrafe, don likitan dabbobi da yawa kare da kyanwa kawai suka sani.

Sai maganar liƙewa. Wani abokina da na tura wa hoto cewa ya yi in samu sufa gulu in haɗe tsagar kawai. Dan Allah kar wanda ya yi haka, in ka toshe rauni da datti a ciki ka kulle ƙwayoyin cuta ne a ɗaki mai ɗumi, sama ya yi kyau ciki yana ruɓewa, garin neman gira a rasa ido kenan. Haka baƙin mai da toka da muke shafa wa dabbobi a gida, da sifirit, duk ba wurinsu ba ne, sifirit ma ƙona sabon naman da ke tsirowa yake. Abin da likita ta sa ni yi shi ne wankewa da ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa, sai Betadine, maganin wanke rauni mai aidin, da aka sirka da ruwa har ya koma kalar shayi mara kauri, sannan man shafawa da ta rubuta. Haɗa ƙoƙon aikin likitoci ne, bayan sun ɗauki hoton ƙashi sun tabbatar raunin ya yi tsabta, kuma ta faɗa min tun ranar cewa in shirya, ƙoƙo yana iya cin wata shida zuwa shekara ko fiye kafin ya haɗe sosai.

Kar a mayar da shi waje kuma. Ƙuda ɗaya ya isa, zai sauka a raunin ya yi ƙwai, kafin ka farga tsutsa ta shiga ciki. Baho na roba na samu babba, na shimfiɗa jarida da tishu fari ina canzawa kullum, ba ƙasa ba yashi ba ganye, don kar su shiga raunin, kuma a farin tishu kana ganin jini ko canjin kashi nan take. Na kifa masa ɗan kwali da ƙofa ya riƙa ɓuya, in ba shi da maɓoya hankalinsa ba ya kwanciya. In kana da wani kunkurun raba su, cututtukan numfashi suna yaɗuwa a tsakaninsu.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a saurara, zafi. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa kamar mu, abin da ɗaki ya ba shi da shi yake aiki, narkar da abinci, garkuwar jiki, har yadda magani ke zagayawa a jininsa duk sun rataya a kan ɗumi. Ni kuma na aje bahon a falo, ga esi yana ta busawa don bazara ce, mu muna jin daɗi shi kuwa yana can ya sandare, sati guda ba ci ba motsi ina ta zargin maganin. Da na sa ma'aunin zafi a ƙasan bahon na ga digiri 20 na Celsius, wallahi kunya ta kama ni. Abin da ake so gefe ɗaya ya kai wajen digiri 29 zuwa 32 a ƙarƙashin fitila, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 26, shi zai zaɓi inda ya ga dama, da dare ma kar a bari ya yi sanyi sosai tunda mara lafiya ne. Amma fa wasu sai su zarce, su ɗora fitila a tsakiya ko'ina ya ɗau zafi, ko su sa dutsen ɗumama jiki mai aiki da lantarki a ƙarƙashinsa, wanda ba shi da ƙarfin jan jiki nan zai kwanta ya ƙone. Haka aje shi cikin akwatin gilashi a rana, tanda ka haɗa masa. Gilashin taga kuma yana hana hasken UVB wucewa, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi jikinsa ke iya amfani da sinadarin kalsiyam ya gina ƙashi, to mai karaya ina zai kai in babu? Sai an sayi ƙwan UVB, kuma ana canza shi duk wata 6 zuwa 12 ko da yana haskawa, don ƙarfinsa yana raguwa ido bai gani.

Maganar magani kuwa, wannan gargaɗin har da 'yan uwa na gida masu ajiye kunkuru a tsakar gida. Ivermectin ɗin nan da muke yi wa awaki da shanu na tsutsar ciki da kaska, guba ne ga duk wani kunkuru da kififiya, shanye musu jiki yake ya kashe. Farasitamol ma bari, a tsibirin Guwam da shi gwamnatin Amurka ke kashe macizan da suka addabe su, ana cusa shi cikin mataccen ɓera a jefa musu. Abin da likita ya rubuta shi kaɗai. Mu allura aka ba mu duk bayan kwana 3, a ƙafar gaba, kuma kar ka ce tazarar ta yi yawa ka ƙara, jikinsa a hankali yake fitar da magani. Kar kuma ka tsaya don ka ga ya fara yawo, a gama duka.

Ruwa shi ma akwai kuskure ta gefe biyu. Wasu ba sa jiƙa shi sam sai ya bushe idonsa ya faɗa, alhali wannan kunkurun daji mai laima ne, ya saba da danshin ruɓaɓɓen ganye. Wasu kuma su cika roba su tsoma shi su tafi waya. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya haɓarsa, minti 15 zuwa 20, kana tsaye a kansa don mara ƙarfi yana iya nutsewa a ruwan da bai kai komai ba. In huji ya ratsa har ciki to ba jiƙawa sai likita ya ce, mu da farko ɗan faranti mara zurfi kawai muke sa masa ya sha.

Abinci ne ya fi tayar min da hankali, uwargida har cewa take a buɗe bakinsa a ɗura masa da sirinji. Kunkuru ba ya iya tari, abin da ya kauce ya shiga huhu ya zauna kenan, sai ciwon huhu ya biyo baya. In ta kai ga ɗura likita ne zai nuna maka ko ya sa masa bututu ta wuya. Kai dai gyara zafi, ka kawo abin da ke motsi, tana mai rai ta fi komai jan hankalinsa, sai jan abu kamar tumatir ko sitiroberi, ka aje ka bar wajen don ba ya son ana kallonsa. In ya fara ci a haɗa da kabewa, karas, dankalin Hausa da ganye mai duhu. Masu ba shi latas zalla su ne za ka ga idon nasu ya kumbura ya rufe saboda ƙarancin bitamin A, wani har gefen kai wajen kunne ya yi ƙullutu. Kar a matsa ƙullutun nan, mugunyarsu daskararriya ce kamar cuku, sai an tsaga an kwashe. Kar kuma ka ce za ka yi masa allurar bitamin A da kanka, in ta yi yawa fatarsa saɓulewa take.

Sikelin kicin ya zama abokinka, duk sati ka auna ka rubuta, shi ke faɗin gaskiyar da fuskar ba ta faɗa. Namu daga giram 430 ya sauko 395 kafin ya tsaya. Kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, wari daga raunin, ko wuri ya yi laushi, a koma asibiti. Yara kuma a hana su ɗauka suna juya shi rigingine, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa, kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, shi ya sa ma tun 1975 aka hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba a ƙasar nan.

Da Oktoba ta shigo sai ya fara neman lungu yana tona jarida, lokacin dogon barcinsu na hunturu ya zo. Mai lafiya ne ke wannan barcin, mara lafiya in ya kwanta garkuwar jikinsa ta tsaya ciwon bai tsaya ba, da yawa ba sa tashi. Fitila muka bar masa awa 12 kullum har hunturu ya wuce. Wani ya ce in ya warke mu sake shi a daji ya huta, wannan ma a'a, wanda ya daɗe a hannun mutane yana iya kai wa na daji cuta, ga shi ba su iya zama a wurin da ba su sani ba, yawo za su yi ta yi har mota ta taka su.

Malam Sannu dai kwana 19 ya yi kafin ya ɗau tanarsa ta farko, ƙaramar 'yata ce ta leƙa ta gani ta kwasa da gudu tana ihu. Tsagar tana nan har yau, farin layi a gefen hagu, in ka shafa da yatsa za ka ji tudunta. Bayan gida kuma mun zagaye masa wurinsa da waya har sama, don karen yana nan, kullum da yamma sai ya zo ya leƙa.