Kurakuran da Ake Yi Wajen Gane Ƙarfen da Ya Faɗo Daga Sama

A nan Kaduna, idan mutum ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a gona ko a bakin kogi, abin da ya fara yi shi ne ɗora masa mayen ƙarfe, da zarar ya manne kuwa sai ya yanke hukuncin cewa daga sama ya faɗo. Wannan gwaji bai isa hujja ba, domin wata tamar ƙasarmu tana manne wa mayen ƙarfe, haka ma kashin maƙera da tarkacen Panteka. Idan jikin dutsen na da ƙananan ramuka kamar na kumfa, galibi kashin maƙera ne.

Abin da ya kamata a nema shi ne nikel, wani nau'in ƙarfe. Ƙarfen sama haɗi ne na ma'adanai biyu, wato kamasait, wanda nikel ɗinsa yake tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100, da tainait, wanda nasa yakan haura kashi 20. Akwai sinadarin gwaji da ke komawa ja idan ya taɓa nikel, sai dai a nan ma ana ruɗuwa, saboda ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da tukwane, shi ma yakan ƙunshi nikel. Gyaran shi ne a kai ɗan gutsure ɗakin binciken Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa da ke nan garin, a auna yawan nikel ɗin da abin da ke tare da shi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kai wa maƙeri dutsen ya saka shi a wuta don a ga ko zai narke. Ma'adanan nan biyu sun saƙu da juna ne a cikin wani babban dutsen sararin samaniya da ya ɗauki miliyoyin shekaru yana hucewa a hankali, kuma wannan saƙa ce ke fitowa kamar zanen tabarma idan aka yanka, aka goge, aka shafa ruwan asid na naitirik da aka sirka. Ana kiran zanen da sunan Widmanstätten, masanin da ya lura da shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1808. Babu masana'antar da za ta iya ƙera irinsa, amma zafin maƙera na ɗan lokaci yana iya shafe shi har abada. Aikin asid ɗin na masana ne, kada a gwada a gida. Rashin zanen kuma ba ya kore komai, domin Hoba, wani ƙarfen sama da ke Namibiya, mai nauyin tan 60 da nikel kusan kashi 16, ba ya nuna shi.

Wanke dutsen da aka tsinta da ruwa da sabulu tsatsa yake jawowa, musamman da damina. A goge shi a bushe, a rufe a mazubin da iska ba ta shiga.

Wasu kuma suna jefar da duk dutsen da bai yi kama da ƙarfe ba, alhali mafi yawan abin da ke faɗowa duwatsu ne masu ɗigo-ɗigon ƙarfe a ciki, wasu ma kusan babu. Dutsen Zagami, mai kilo 18, da ya faɗo a lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba, 1962, ba ƙarfe ba ne, kuma bincike ya tabbatar daga duniyar Mas ya taso. Saboda haka wanda ya ga faɗowar dutse da idonsa ya rubuta rana da wurin, ya ɗauki hotonsa kafin ya ɗaga shi.