Abin da PDP-11/40 ke buƙata kafin Unix V6 ya tashi a Zariya

Unix V6, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya fito daga Bell Labs a 1975, kuma kwamfutar PDP-11/40 ta kamfanin DEC na iya ɗaukarsa idan kayan cikinta sun cika. Kada ka wahalar da kanka da 11/20, ba ta da sashen rarraba ƙwaƙwalwa.

Fara da buɗe akwatin ka duba alluna uku, domin a wancan zamani daban ake sayensu. KT11-D shi ke ware wa kowane aiki gurbinsa a ƙwaƙwalwa. KE11-E shi ke ba injin umarnin ninkawa da rabawa. KW11-L kuwa agogo ne. In babu shi, kuma babu ɗayan agogon, KW11-P, tsarin zai rubuta "panic: no clock" ya tsaya cak. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kilobait 248 a wannan injin, don haka cika ta iya ƙarfinka. Sai faifan RK05 mai megabait 2.5 da allonsa RK11, da DL11 na haɗa madannai.

Matsalar da ta fi cin mutane a nan ita ce wutar lantarki. Injin da aka yi wa Amurka yana shan volt 115 a kan 60Hz, tamu kuwa 230 ce a kan 50Hz. Taransfoma tana rage ƙarfin wuta ne kawai, ba ta taɓa bugunta, wato 50Hz ɗin. KW11-L bugun wutar yake ƙirgawa, saboda haka agogon tsarin zai riƙa asarar minti 10 a kowace awa. Maganinsa: mayar da lambar HZ daga 60 zuwa 50 a cikin fayil ɗin Unix mai suna param.h, ka sake haɗa tsarin. Shi ma RK05 dole ya yi juyi 1,500 a minti. Da wilin bel na 60Hz zai sauko 1,250, karatu ya gagara. Nemi na 50Hz. Ƙaramin janareta kuwa, wanda bugunsa ke hawa da sauka, kada ma ya kusanci injin.

Sai ƙurar hunturu. Kan karatun RK05 shawagi yake a kan iska dab da faifai, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta kankare shi. Canza matatar iska, ka toshe tagogi.

Unibus ita ce hanyar da ke haɗa allunan injin. Duk gurbinta da ba allo, sa masa katin G727 mai cike giɓin, in ba haka ba injin zai maƙale. Idan komai ya daidaita, alamar @ za ta bayyana, sai ka rubuta rkunix, sunan fayil ɗin da ke tada Unix.