Yadda Ake Gina Sabuwar Unguwa Inda Girgizar Ƙasa Kan Iya Narkar da Yashi

Wanda ya taɓa tsayawa a kan jiƙaƙƙen yashin bakin kogi yana bubbuga ƙafa ya san abin da ke biyowa: ruwa ya tsattsafo, yashin ya koma kamar kunu, ƙafa ta soma nutsewa. Haka girgizar ƙasa ke yi wa unguwa guda. A Niigata ta Japan a 1964, benaye sun kishingiɗa a gefe guda ba tare da sun rushe ba, ƙasar da ke ɗauke da su ce ta narke. A Palu ta Indonesiya a 2018, laka ta kwashe unguwannin Petobo da Balaroa da mutanen cikinsu. Kada a ɗauka labarin nesa ne kawai, domin Accra ta sha girgiza mai ƙarfi a 1939.

Mataki na farko, kuma shi ne aka fi tsallakewa, shi ne a san abin da ke ƙarƙashin filin. Ka zauna da dattawan wurin ka tambaye su: nan da can me yake? In suka ce fadama ce, ko tsohuwar hanyar ruwa, ko kududdufin da aka cike da yashi, to ka shiga taitayinka. Abu uku ne ke haɗuwa su jawo narkewar: yashi sako-sako, ruwa kusa da sama, da girgiza.

Sai a kira injiniyan ƙasa ya haƙa ramukan gwaji, akalla zurfin mita 15 zuwa 20. Gwajin da aka fi yi mai sauƙin fahimta ne. Ana sako guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututun da gudumar ke bugawa ya shige ƙasa santimita 30. In ya shige da bugu biyar ko goma kacal a cikin yashi mai ruwa, akwai matsala. In sai da aka haura talatin, galibi yashin ya dannu. Ina jin takaicin ganin mai gini ya kashe miliyoyi a kan tayil da fenti, amma kuɗin wannan gwaji ya tsone masa ido.

Da sakamakon a hannu ake raba fili. Wuri mafi rauni a bar shi filin wasa ko lambu, makaranta da asibiti kuwa su hau ƙasa mai tauri. Bayan girgizar 2011 a Christchurch ta New Zealand, sai da gwamnati ta sayi gidaje kusan 8,000 ta rushe, da yawansu a gaɓar kogin Avon, don ƙasar ba ta ginuwa kuma.

Inda ba makawa sai an yi gini, a gyara ƙasar tukuna. Ana zura ƙarfe mai jijjiga ya danne yashin, ko a cusa ginshiƙan tsakuwa a ciki, waɗanda ke ƙarfafa shi su kuma ba ruwa hanyar fita, ko a cuɗa shi da siminti. Bayan an gama a maimaita gwajin gudumar, kada a yarda da faɗar baki.

Harsashin kuma kada a yi shi ɗaiɗai, kowane ginshiƙi da nasa. A zuba faffaɗan kankare guda ɗaya mai rodi a ƙarƙashin ginin duka, ko a kafa turaku su ratsa yashin har ƙasa mai ƙwari.

A jikin ginin, ka je da kanka ka duba zoben rodin da ke ɗaure ginshiƙi kafin a zuba kankare. Bakinsa ya lanƙwasu ciki sosai, digiri 135, kuma a matso da zoben kusa da juna a sama da ƙasan ginshiƙi. Benen da aka bar ƙasansa fayau don shaguna yana buƙatar bangon kankare, domin irinsa sun durƙushe da yawa a Turkiyya a 2023.

Bututun ruwa da na gas a haɗa su da gaɓoɓi masu lanƙwasa. Tankin da aka binne a ɗaure shi da kankare mai nauyi, in ba haka ba idan yashi ya narke sama zai taso kamar gora a ruwa.